Mai Askin da Ya Koyi Cewa A'a

Duk layin nan Farfesa ake kiransa, alhali ko sakandare bai ƙarasa ba. Mai aski ne. Shagonsa kujera ɗaya, benci ɗaya, sai madubi mai tsaga a kusurwa. Abin da ya jawo masa sunan shi ne kantar da ke saman madubin: inda wasu ke jera man gashi da hoda, shi littattafai ya jera. Wani dattijo mai kasa littattafai a bakin titi ne ya ɗora shi a hanya, don shi ba ya biyan kuɗin aski, sai dai ya ajiye littafi ya ce, "Karanta, ka fi ni riba." Da haka Farfesa ya karance yadda ake riƙe fushi, da yadda ake tattali, da wani ƙaton littafi mai baƙin bango a kan yadda bashi ke durƙusar da ƙasa sukutum, balle mutum. In ka zauna a kujerarsa, to ka shirya, aski da lacca za a haɗa maka, kuma ba halin gudu tunda aska na wuyanka.

Babi ɗaya ne ya gagare shi, babin koyon cewa a'a. Kullum da safe kafin ya buɗe wa jama'a sai ya tsaya gaban madubi ya murtuke fuska ya ce, "A'a. Ba zan iya ba." Mai gyaran waya na shagon kusa ya taɓa leƙowa ya ce, "Farfesa, kai da wa kuke rigima da sassafe?" Bawan Allah, da yayarsa yake rigimar, ita kuwa ba ta ma san ana yi ba.

Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Keken ɗinkinta ta sayar ta kai shi koyon aski. Matsalar mijinta ne, mutum ga zaƙin baki ga farar ƙafa: ya yi kiwon kaji sun mace, ya sayi mota ta kwanta. Yanzu kuma wani bashin zai ci, masu bayarwa sun ce sai ya kawo wanda zai tsaya masa, mai shagon kansa. In ya kasa biya, shagon za a karɓe. Shagon nan kuwa shi ke ciyar da matar Farfesa da 'ya'yansa, ba su da wata madogara.

Ranar da yayar tasa ta zo, yana tsaka da yi wa wani direba gyaran fuska. A madubi ya hango ta. Suka gaisa, ta zauna a benci ta ɗora jaka a cinya. Shi kuwa ya shiga jan aiki, ya ƙara kumfa inda ba a bukata, ya canza reza alhali sabuwa ce.

"Farfesa, yau ba lacca?" in ji direba. "Ko littafin ya ƙare?"

Ba wanda ya yi dariya.

"Auta," yayarsa ta ce a hankali, "ba zan tsayar da kai ba. Suna jiranmu kafin a tashi daga aiki. Hannu kawai za ka sa."

Hannu kawai! Ya san abin da littafinsa ya ce: wanda ya tsaya wa mai bashi ya ci bashin da ko ƙwandalarsa bai taɓa ba. Gaskiya ne, tsaf. Amma wanda ya rubuta littafin ba shi matar nan ta goya zuwa asibiti yana masassara ba. Ya ajiye askar ya juyo.

"Yaya, ba zan iya ba."

Ba haka maganar take fita a gaban madubi ba. Nan siririya ta fito, da ƙyar ta kai benci.

"Me ka ce?"

"A'a, Yaya. Ki turo yara su zauna wurina, ki ce in raba cinikina biyu in ba ki, wallahi zan yi. Amma ban da shagon nan. In ya tafi, dukanmu mun tafi."

Ta ɗaga kai ta dubi kantar nan, ta daɗe tana kallo.

"A cikinsu ka karanto?"

Da ma ta yi masa faɗa, da ta tona masa duk abin da ta yi masa tun yana cikin tsumma, da ya samu sauƙi. Ina! Ko ƙwalla ba ta yi ba. Miƙewa ta yi ta gyara zaman jakarta.

"Ka yi daidai, ka ji. Wataƙila ma ka fi ni gaskiya. Allah ya bar maka shagonka."

Ta fita. Ba ta ce ya gaida iyali ba, abin da ba ta taɓa mantawa ba.

Direba ya yi gyaran murya, rabin fuskarsa kumfa. Farfesa ya ɗauki aska ya matso, sai hannun ya kama rawa, kar-kar-kar, askar na kaɗawa dab da maƙogwaron mutum. Direban ya riƙe masa hannu.

"Bari, ɗan'uwa. Na ƙarasa a gida."

Ya goge kumfar ya tafi. Farfesa ya leƙa waje, ya hango ta har ta kai kwana, tana tafiya ba waiwaye. Shago dai yana nan, nasa ne. Ya san ko gobe ta dawo abin da zai faɗa ke nan, kuma sanin hakan ne ya fi ci masa rai. Ya koma ciki ya zauna a benci, a gurbin da ta tashi, ya kife fuska a tawul ya fashe da kuka.