Kaɗanyar da Ba Ta Gaisuwa

Yanzu da tsufa ya zaunar da ni wuri guda, dundunniyata ce ke tuna mini garuruwan da na taka. Na yi shekaru a Tamale da mijina, na zauna Wagadugu, na yi aikatau a Jidda bayan rasuwarsa, kuma kusan duk inda na je na tarar da man kaɗanya da wani suna. A Tamale mata goma ke taruwa suna bugunsa da waƙa. A Abijan na gan shi cikin kwalba, an zuba masa turare har ƙanshin hayaƙinsa ya ɓace. Amma duk lokacin da na lakato shi zan shafa, Jibiya nake komawa, gidan kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya.

Kaɗanya ba ta da yawa a wajenmu. Iya tana da guda ɗaya a tsohuwar gonar ubanta, wadda Turawa suka ja iyaka suka bar ta ɓangaren Faransa. Da damina takan yi sammako ta wuce 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, ta tsinto 'ya'yan da suka faɗo da kansu. Ba ta kaɗa reshe, ta ce wanda aka kaɗo bai nuna ba, ba shi da mai. Mu mu sha zaƙin, ita ta dafa ƙwallon, ta shanya, ta fasa, ta daka, ta soya, ta niƙa a dutse har ya zama baƙin ƙulli mai danƙo. Sauran bugu, wanda ya fi duka wuya. Shi sai bayan magariba, don mai ba ya haɗuwa cikin zafin rana. Takan zauna gefen murhu da babbar ƙwarya tsakanin ƙafafunta, tana buga ƙullin da hannu tana yayyafa ruwa, tana ba ni tatsuniya. Tsawon tatsuniyar tsawon bugun ne. Da farin mai ya taso, ko a tsakiyar magana take, sai ta ce, "Ta ƙare, tahi ki kwanta." Tatsuniyoyinta da yawa ban san ƙarshensu ba.

Lokacin da nake da shekara tara, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, babana ya riga ya rasu. Inna, mahaifiyata, ita ke ci da mu. Takan ɗauki kaya a ka ta kai kasuwannin hanyar Maraɗi, ta dawo da wasu. Ƙafafunta suka yi faso har suna jini, ta kwana uku a ɗaki ba ta iya takawa. In ba ta tashi ba, hatsin gidan ba zai kai mako ba. Man da ke gidan ya ƙare, ƙwallon da ya rage ƙwarya guda ne tak.

Inna ita ce 'yar fari wajen Iya. Saboda kunyar ɗan fari Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, kwana ukun nan ko sannu ba ta leƙa ta yi mata ba. Ni kam haushin haka nake ji. Sai na ga Iya ta wuni tana daka da niƙa, da magariba ta jawo ƙwaryarta ta ajiye ta dab da ƙofar ɗakin Inna, inda ba ta saba zama ba.

"Ga ta nan tahe, ta gaji da hanya," in ji ta, yadda takan buɗe tatsuniya.

Na ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai akwai wata mata mai fatauci a ƙasa. A hanyarta akwai tsamiya da kuka da kaɗanya. In ta zo wucewa tsamiya ta ce mata sannu da rana, kuka ta ce ina gajiya, kaɗanya kuwa shiru. Kullum matar takan tarar da 'ya'yan kaɗanya a ƙasa, ta tsince ta yi mai ta shafa, ta ɗauka iska ce ke zubo su. Ran nan ta ce, "Ke kaɗanya, girman kai gare ki. Na bar zama gindinki." Ta sake hanya. Tsamiya na yi mata sannu, kuka na yi mata sannu, ƙafarta na tsagewa, har ta kasa tafiya.

Nan hannun Iya ya tsaya cikin ƙullin. Ta yi ƙoƙarin ɗaga shi, ya ƙi. Kafaɗar ta riƙe bayan wunin daka. Ƙullin kuwa yana nan baƙi, ko alamar fari babu, kuma na sani in aka bar shi ya kwana haka an yi asara.

"Ke uwar son jiki," ta ce, "kunnenki kaɗai ke aiki? Wanko hannunki."

"Iya, ban iya ba."

"Ni da shi aka haihe ni? Sa hannu. Buga ki jawo, kamar kina kiran wani ya taho."

Na sa. Ƙullin ya kama ni har gwiwar hannu, da nauyi kamar laka. Na buga har kafaɗata ta yi zafi, na fara hawaye. Ita tana yayyafa ruwa da hagu, tana jan tatsuniyar a hankali, tana ƙara wa matar rana da ƙaya, don ta san in ta ƙare zan tsaya. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga baƙin ya koma ruwan toka, sannan wani fari ya fara tasowa yana manne mini a yatsu.

Na jira ta ce ta ƙare. Ba ta ce ba. A karo na farko ta ci gaba bayan mai ya taso. Wai matar ta rarrafo ta dawo gindin kaɗanya ta kwanta. Ba iska ko kaɗan, sai ta ji 'ya'yan na faɗowa kusa da ƙafarta, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "To kaɗanyar ta yi mata sannu?"

"Ba ta da bakin yi."

"Matar ta gane?"

"Wa ya sani. Miƙo tukunya."

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa: "Ta gane."

Iya ta yi kamar ba ta ji ba. Ta kwashe farin, ta wanke, ta tafasa, ta tace. Da safe ya daskare. Ta miƙo mini ƙoƙon tana duban wani gefe, ta ce, "Kai ma mai ɗakin can. Ki cusa shi cikin tsagar sosai, ki ɗaure da tsumma." Bayan kwana huɗu Inna ta ɗauki kayanta.

Na koyi Faransanci da Larabci da yaren Dagomba, na ji yadda iyaye a wasu ƙasashe ke rungume 'ya'yansu suna faɗa musu so baki da baki. Na yi sha'awar haka, na ma yi wa ƙanana cikin 'ya'yana. Amma babbar 'yata, wadda ke aure a nesa, har yau harshena nauyi yake yi in zan kira sunanta. Hannuna ya daina bugu tuntuni. Saye nake yi wajen wata tsohuwa, in sansana in tabbatar yana ƙanshin hayaƙi, in ba direba ya kai mata, ba wasiƙa, ba saƙo. Wancan watan ta aiko jikata ta ce a gaya mini ya iso, kuma faso ya rufe. Ban taɓa tambayarta ko tana da faso ba, ita ma ba ta taɓa gaya mini ba.