Daddawar Mutumin Kaduna

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni garinmu, Birnin Gwari, da muƙamin injiniyan rediyo. Sunan ya fi aikin girma. Abin da aka damƙa mini shi ne akwatin rediyo ɗaya, da batiran mota biyu, da lasifika uku da na ɗaure a bishiyoyin kasuwa, sai wani ɗaki kamar akurki. In tasha ta buɗe a Kaduna sai in kunna, kasuwa ta sha labarai.

An haɗo ni da takardar doka, na liƙa ta a bango. Ta ce sanarwar gaggawa, ta gobarar daji ce ko ta annoba ko ta ambaliya, daga Kaduna kaɗai za ta fito. Nawa shi ne kada waya ta tsinke, kada batir ya mutu. Akwai makirfo a ɗakin, amma na gwaji ne: ɗaya, biyu, uku. In na kai huɗu, a bakin aikina. Wato in wuta ta kama rumfar da ke gabana, sai in aika Kaduna, a duba, a sa hannu, sannan a sanar da mai rumfar ta rediyo cewa rumfarsa na ci.

Mutanen gari ma haka suke so. In aka ce "Kaduna ta faɗa", gardama ta ƙare. Ni kuwa sun san ni tun ina yawo ba wando, me zan gaya musu?

Wadda ta fi kowa raina injiniyancina ita ce Inna, mahaifiyata. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta yaba mini, in za ta yi mini magana ma sai ta kalli gefe. Ƙauyenta na hayin rafi, a bakin daji. Duk ranar kasuwa takan tsallako da ƙwaryar daddawa, ta koma kafin la'asar tare da matan ƙauyen. Aikina a wurinta shi ne hawan bishiya da igiya.

Wata ranar kasuwa, tsakiyar damina, gari ya waye garau, ko ɗigon hadari babu. Bayan azahar wani direban motar katako ya shigo ɗakina, laka har gwiwa. Ya ce can sama cikin daji an kwana an wuni ana ruwa, ya ga rafin da idonsa yana tafe da itatuwa, kafin la'asar zai iso mashigin da mutane ke tsallakawa. Na san mashigin nan. Ruwansa iya ƙugu ne, amma in ya kawo ba ya sallama.

Na ruga ofishin gwamnati don a buga wa Kaduna waya. Bishiya ta faɗa wa layin tun shekaranjiya. Magatakarda ya ba ni shawara mai kyau: in rubuta takarda, motar gobe ta tafi da ita.

Na wuce wurin Inna, na durƙusa. "Inna, don Allah ku kwana a gari yau. Rafi zai kawo."

Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ci gaba da jera daddawarta. Ta yi wa maƙwabciyarta magana, ba ni ba. "Kin ji, yanzu har ruwan sama suke gani a cikin waya. Ina tsallake rafin nan da cikinsa, yau shi zai koya mini."

Matan suka yi dariya. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na ga har an fara ɗaure kaya.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Na san in na yi magana da muryata tas, ba wanda zai ko waiga. Muryar Kaduna ba ta zuwa tas. Sai ta ratso daji da duwatsu, ta iso da shuu da ƙarar-ƙarar, tana nisa tana dawowa, kuma wannan hayaniyar ce hatimin gaskiya a kunnen mutanenmu. Shekara biyu ina hawa bishiya ina gyara eriya don in kashe hayaniyar nan. Ran nan da hannuna na murɗa akwatin zuwa inda babu tasha, na cika kasuwa da shuu. Na cire hulata na rufa wa makirfo, na yi gyaran murya sau biyu, na ce nan Kaduna, ga sanarwar gaggawa ga jama'ar Birnin Gwari: kada kowa ya tsallaka rafi yau. Na maimaita sau uku, ina ƙara murya ina ragewa.

Kasuwa ta yi tsit. Aka sauke kaya. Da la'asar rafin ya iso, ya tafi da kukar da ke bakin mashigin, wadda kakannina suka taras a tsaye. Inna ta kwana a gidana, lafiya lau.

Kwana uku bayan haka sanarwar gaske ta iso, tana jan kunnen jama'a su yi hattara da rafi. Aka ce ka ga mutanen kirki, har tuni suke yi.

Ni ban isa in buɗe baki ba, takarda na bango tana kallona. Inna kuwa ta samu abin yi. A gabana take zama tana yabon mutumin Kaduna: ga ilimi, ga tausayi, ga murya, uwar da ta haife shi ta gama samun duniya. Ba ta tsaya nan ba. Duk shekara sai ta ƙulla daddawa mafi kyau a ganye, ta ajiye kusa da ƙafata, ta ce wa bango in an je Kaduna a kai wa bawan Allahn nan. Shekara goma sha ina karɓa. A miyata take ƙarewa, ina ci ina jin haushin wani ƙato da babu shi, wanda ya ƙwace mini uwa.

Bayan rasuwarta, ranar sadakar bakwai, ƙanwarta ta kira ni gefe ta miƙo mini ƙullin ganye. Ta ce Inna ta haɗa shi tun kafin ta kwanta, na mutumin Kaduna ne. Na gaji, ga baƙin ciki, sai kawai na ce, "Iya, babu wani mutumin Kaduna. Ni ne."

Ko mamaki ba ta yi ba. "Wa kake gaya wa? Ina zaune kusa da ita ran nan. Tun kafin ka ce uffan ta taɓa ni, ta ce duk duniya mutum ɗaya ne ke gyaran murya sau biyu in zai yi ƙarya. Ita ta fara sauke ƙwaryarta, sannan sauran suka sauke."

Na karɓi ƙullin da hannu biyu. Wannan kam na kasa sa shi a miya.