Gadona a Bayan Babur

Babur ɗin ya riga mai shi dawowa gida. Wasu samari biyu ne suka turo shi cikin lungunmu na Madabo, kan ya karkace, fitilar gaba ta tarwatse, suka jingine shi a soro suka tsaya suna kallon ƙasa. Ban tambaye su komai ba, na koma ciki na ɗora ruwa a wuta.

Mai babur ɗin babban jikana ne, ɗan 'yata. Shi da ƙanensa a hannuna suka tashi tun da iyayensu suka rasu. Ranar Lahadi da la'asar ya fita wajen tseren da samari suke yi a sabon titin bayan gari. Ya ɗaga ƙafar gaba yana tsala gudu, da ta tashi sauka ta sauka a karkace, kansa ya bugi bakin kwalbati. Hular kwanonsa tana rataye a ƙusa a ɗakinsu, fes da ita, don ya ce tana ɓata masa aski.

A zaman makoki duk wadda ta shigo sai ta ce min kwana ne ya ƙare. Ban musa ba, kuma har gobe ba zan musa ba. Amma ni na ga kwanan mutane da yawa ya ƙare a kan tabarma da kalmar shahada a baki, ba wanda aka tilasta wa ya tafi lahira da taya ɗaya a sama. Abokansa ma sun zo gaisuwa, sun jera babura a bakin lungu, duk an cire musu salansa, ƙararsu ta sa kajina suka haye katanga. Suka shigo sumui-sumui kamar almuridai. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa ya ce, "Wallahi Hajiya, duk Kano babu mai hannunsa a kan mashin."

Na ce, "Ai hannun lafiyarsa lau, yaro. Masu wanka sun ce ko ƙwarzane babu. Kan ne ya tafi."

Suka ci gumba suka fita.

Ni idona yana kan ƙaramin. Ya yi kuka kam, har muryarsa ta dushe. Amma ba a yi sadakar arba'in ba na ga babur ya ɓace daga soro, ya dawo kai a miƙe, da sabuwar fitila. Na ga yadda yake goge tankin da gefen rigarsa. Na ga yana murɗa hannun dama a iska yana cin tuwo. Ya zaci tsufa ya cinye min ido, alhali tun yana rarrafe nake gane abin da zai yi kafin ya yi.

Da malamin unguwarmu ya zo rabon gado, abin da marigayin ya bari bai cika tabarma ba: kayan sawa, takalma, fasasshiyar waya, sai babur. Malam ya ce ni kakar wajen uwa ina da kashi ɗaya cikin shida, sauran na ƙanensa ne. Ya ce abu mafi sauƙi a yi wa babur kuɗi, yaron ya ba ni nawa ya riƙe abinsa.

Na ce, "Malam, dole ne in sayar?"

"Babu dole, Hajiya. Sai dai ku zama kun yi tarayya a kansa."

"To, na ƙi sayarwa. Kushin baya nawa ne. Daga inda mazaunansa suka ƙare har zuwa jar fitila."

Jikana ya kwashe da dariya har da buga ƙafa. Tun yana ƙarami amarya yake ce min, ni kuma in ce masa maigida, kamar yadda kowace kaka take yi da jikanta. Ya ce, "Haba amarya! Ke da ko turmi sai an riƙe ki kike hawa? Na yarda. Na ƙara miki da lambar baya ma, kyauta."

Malam ya yi tari, ya ce ba haka aka saba rabawa ba, amma tunda magada sun yi sulhu a tsakaninsu shi ba shi da ta cewa. Kawun yaron yana zaune, ya shaida. Aka shafa fatiha.

Sauran ranakun mako ban hana jikana hawa ba. Yana aikin fata a rumfar kawun nasa a Kurmi, sai in ce na ba shi aron rabona ya ɗora kaya. Amma ranar Lahadi, tun kafin kiran la'asar na yi alwala, na saka hijabi, na ɗauki carbi, na fito soro na zauna a gindin babur. Ya fito yana fito, da silifa a ƙafa, ya gan ni ya tsaya.

"Amarya, ina zuwa?"

"Inda rabona za shi."

Na miƙa masa hular kwanon ɗan'uwansa. Ya ce zafi. Na ce kabari ma ba fanka. Ya saka.

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa hawa babur ba sai ran nan. Na zauna a kaikaice, ƙafafu gefe ɗaya, na ruƙunƙume masa riga. A lungun farko gwiwata ta gogi bangon maƙwabta, a na biyu muka tsallake kwata har haƙoran da suka rage min suka gaisa da juna. Kafin mu fita titi salansa ta ƙona min ƙwauri, tabon yana nan. Ban san abin da allurar nan ta gabansa take faɗa ba, amma ina da nawa ma'aunin: da zarar iska ta fara cika min hijabi, sai in kama naman haƙarƙarinsa in murɗe. Wannan birkin bai taɓa tsinkewa ba.

Haka muka yi ta yi. Kowace Lahadi sai na ƙirƙiro unguwa. Dubiya, barka, gaisuwar mutuwar da aka daɗe da mantawa. Danginmu Barebarin Shahuci sun gaji da ganina har suka fara ɓoye goro. Da 'yan'uwa suka ƙare, na koma gaida matan da na yi shekaru ina gaba da su, suna mamakin wannan shiriya da ta same ni da tsufa. Shi kuwa yana waje a kan babur, hula a ka, gumi yana tsiyaya, wayarsa tana ta kuka a aljihu. Sai an kira magariba nake fitowa. 'Yan lungu suka sa masa suna direban kaka.

Wata Lahadi na fito soro na tarar babu babur. Ina tsaye sai ga shi ya shigo a ƙafa, da baƙar leda a hannu, ya ajiye a gabana yana murmushi. Na buɗe. Rabin kushin ne. Ya kai wa mai gyaran kujeru an yanka shi daidai inda na faɗa a gaban malam, har an ɗinke bakin da kyau. Ga lambar baya a ciki.

"Ga gadonki, amarya, cif. Ki sa a ƙarƙashin gado kada ɓera ya ci."

Kafin in buɗe baki ya fice. Na ji tashin babur daga bakin lungu, inda ya ɓoye shi. Na leƙa ɗakinsu, hula tana kan ƙusa.

Ban yi kuka ba, ban kira kowa ba. Na rungumi ledata na fita titi na tsayar da adaidaita sahu. Na ce da direban ya kai ni inda yara suke kashe kansu ranar Lahadi. Bai ko tambaye ni wane wuri ba.

Ashe abin kasuwa ce guda. Ga masu rake, ga masu ruwan leda, ga mai awara da kaskonta, ga 'yan kallo jere a gefen titi kamar ana rabon zakka. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙara kuwa har cikin haƙori. Na ga wani ya wuce a kwance a kan babur, ƙafafu a miƙe ta baya kamar ƙadangare. Wani ya miƙe tsaye a kai ya saki hannu, ana yi masa tafi. Duk cikinsu ban ga mai hular kwano ko ɗaya ba, sai wani da ya ɗaura tasa a gwiwar hannu, ban sani ba ko a nan ƙwaƙwalwarsa take. Akwai kwalbatoci da yawa a gefen titin. Ban tambayi ko wanne ne ba.

Can na hango nawa. Sun jera su da yawa a layi ɗaya, suna murza totur, wani mai tsinin gemu yana gabansu da tsumma a hannu zai ba su izinin tashi. Na ratsa mutane na shiga tsakiyar kwalta, na fito da rabin kushin na ajiye, na zauna a kai ina fuskantarsu, na miƙe ƙafafu na ciro carbi.

Ƙarar ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai gemun ya taho da gudu.

"Hajiya! Don girman Allah ki tashi, za a take ki!"

"Ku taka. Ai kun san hanyar gidan, kun ci gumbar wancan."

"Wace ce wannan? Kakar wa ce?"

Wani ya ce, "Ta direban kaka ce!" Wuri ya ɗauki ihu da dariya. Wayoyi suka yi sama, kowa yana ɗauka. Wasu suka ce a cicciɓe ni, na ce duk wanda ya taɓa ni sai na yi masa bakin da jikokinsa za su ji a jikinsu. Babu wanda ya matso. Yaran nan ba sa tsoron tirela, amma suna tsoron bakin tsohuwa.

Sai ga jikana ya zo ya tsaya a kaina, ido jajir.

"Iya, kin kashe ni."

Na ce, "Irin wannan kisan ana dawowa gida a ci tuwo."

Mai gemun ya ce da shi ya kwashi kakarsa ya bar wurin, kuma kada ya sake takowa, kafin hoton nan ya jawo musu hukuma. Jikana ya turo babur. Na ɗora rabina a kan ƙarfe, na ɗaure da igiyar da mai rake ya ba ni, na hau. Har gida ban sami dalilin mintsini ba.

Ba zan ce na gyara duniya ba. Tseren ya koma wani titin, kuma ba a jima ba muka ji an kai wani yaro maƙabarta daga wata unguwa. Abin da na sani, nawa ba sa faɗa masa inda suke haɗuwa, in ya kira su ba sa ɗauka. Hotona ya zaga wayoyin gari, a gidan biki mata suna nuna ni da baki. Wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni, tun daga ranar bai sake tsokanata ba. Da safe yakan durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Ina kwana, Iya," kamar suruki, ya tashi ya tafi Kurmi. In na ce maigida ina cefane, sai ya ajiye ya wuce. Gidan ya yi shiru da yawa, wani lokaci har in rasa wanda zan zaga. Amma kullum da yamma ina zuba tuwo a kwanonsa, da safe kuma in tarar da shi wayam.

Kwanan nan ya aiko kawunsa, don shi ba ya iya faɗa min da bakinsa. Wai yana so ya sayar da babur ya sayi keken ɗinkin fata, ko zan saki rabona. Na ce a kawo min mai sayen in gan shi tukuna. In mai furfura ne, na yafe masa kushin kyauta. In kuwa yaro ne sa'ar nawa, to ya zo da kakarsa.