Mai Neman Kwamfutar Hammata

Ga shi nan a wani shagon kwamfuta a Kazaure: dattijo ƙosasshe, babbar riga ta sha bugu, tabarau a goshi. Yana ɗaga laftof ɗaya bayan ɗaya yana jinjinawa, kamar mai taya kaza, amma ba ya buɗe ko ɗaya. Wadda ta yi masa, sai ya matse ta a hammata, ya taka zuwa ƙofar gilashi, ya dubi kansa, ya gyara hula.

Ina jin sabon muƙami ya samu, wataƙila sakataren ƙungiyar 'yan hatsi a Babura, kuma wanda ya kayar yana zuwa taro da tasa.

"Alhaji, wannan ƙaramar ta fi sauri, cajinta yana wuni," in ji mai shagon. "In kunna maka?"

"Bar ta," in ji dattijon. "Hannun riga zai rufe ta. Ba ni marar nauyi, amma wadda na bayan zauren taro zai hango."

"Wane aiki za ta yi maka, ranka ya daɗe?"

Dattijon ya dube shi kamar an tambaye shi aikin hula.

"Zama," in ji shi. "A gabana."