Malam Yuguda, Wanda Ya Yi Mini Lissafi da Hausa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, Allah Ya karɓi ran Malam Yuguda, malamin lissafi, a gidansa da ke unguwar Briqueterie, bayan doguwar jinya.

Malam, shekarar da na faɗi jarrabawar probatoire, ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, mahaifina ya ce boko ya ishe ni haka, in bi shi kasuwar shanu ta Etoudi. Kai ka tako har gidanmu ka roƙe shi ya ƙara mini shekara guda. Ya amince don yana jin nauyinka, amma ya ce in na sake faɗuwa babu sauran magana.

Daga nan kowace Asabar ina zaurenka. Abin da ya kayar da ni shi ne lissafin da a aji ake kira bicarrée, wanda da na ga x⁴ a cikinsa sai in rasa ta inda zan fara. Ka rubuta x⁴ − 13x² + 36 = 0 a allo, ka ajiye Faransanci, ka yi mini bayani da Hausa, abin da ban taɓa ji a makaranta ba. Ka ce duk inda na ga x² in kira shi y. Da na yi haka, sai ga y² − 13y + 36 = 0, irin wanda na daɗe da iyawa. Na sami 4 da 9, na ajiye alli ina murna.

Ka ce, "Gali, y baƙo ne, aronsa muka yi. An tambaye ka x. Koma."

Na koma, na fito da 2 da −2, da 3 da −3.

Da na ci jarrabawar, mahaifina ya aiko maka da cinyar bijimi, ka rabar wa maƙwabta. Yau ni ma lissafi nake koyarwa.

Zuwana na ƙarshe na tarar hannunka ba ya iya riƙe alli. Ba ka yi mini kukan ciwo ba. Damuwarka ɗaya ita ce 'yarka Fatu, wadda za ta zauna probatoire bana, kai kuwa ba ka iya zama da ita.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Adda Hansai da 'ya'yanka da jama'ar Briqueterie, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Fatu kuwa, na roƙi Adda kada a cire allon nan daga zaure. Ranar Asabar ina nan tafe in zauna da Fatu, in Allah Ya yarda.