Uwar Amarya Ba Ƙunshi

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mukarrama Maiwada tana aiki a ƙaramin asibitin ƙauyensu da ke yankin Dandamisa. Ita ke buɗe ƙofa da sassafe, ta yi shara, ta dafa almakashi, ranar awo kuma ta jera mata a benci ta riƙa ɗora jarirai a sikeli. A takarda dai sunanta mai shara.

Duk shekara ɗalibai na zuwa daga makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi su yi 'yan makonni suna gwaji. Yawancinsu sa'o'in 'yarta ne. Mukarrama ce ke nuna musu yadda ake riƙe yaron da ke birgima, da inda jijiya ke ɓuya a hannun tsohuwa. In an zo huda allurar sai ta ja da baya, don doka ba ta ba ta ba. Takan tsaya jikin taga da tsintsiya tana kallon fararen kayansu har a gama.

Tana aji biyar na sakandare ɓarin jikin mahaifiyarta ya shanye. Ta dawo gida jinya da niyyar zango ɗaya, jinyar ta ci shekara huɗu. Bayan rasuwar ta auri Malam Zakiyyu, manomin rake, ta haifi biyar. Littattafanta suna nan a ƙasan akwati, gara ta ci gefensu.

Sista Zubaida, jami'ar da ke riƙe da asibitin, ita ta ce mata akwai jarrabawar kammala sakandare ta 'yan waje, wadda ake yi ƙarshen shekara, ba ruwanta da shekarun mutum. Makarantar Makarfi darussa biyar take so a ci, kuma tana karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Daga nan kullum bayan an sallami marasa lafiya, sai su biyun su zauna a baranda har la'asar, Sista na tambaya, Mukarrama na rubutu a bayan tsofaffin katunan awo.

A zaman farko ta ci Turanci da Lissafi da Bayoloji da Fiziks. Kemistiri kuwa ko ɗakin ba ta shiga ba. Kwana biyu kafin ranar aka yi bikin ƙanwarta, aka yi mata ƙunshi kamar kowa, yatsu suka kama har suka yi baƙi. A ƙofar ɗakin jarrabawa akwai na'urar da ke duba zanen yatsa. Ta ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi. Ta ɗora sauran tara ɗaya bayan ɗaya. Ta fita ta sayi lemon tsami, ta goga, ta dirza a siminti har fata ta yi ja. Kafin ta dawo an raba takardu an rufe ƙofa. Ta zauna gindin darbejiya awa uku, tana jin ƙarar fanka daga ciki, har waɗanda suka rubuta suka fito suna gardamar amsoshin da ta sani.

Ta sake rajista a shekara ta gaba. Sai ga maza sun tsayar da auren 'yarta ta fari, Ummuhani, bayan an kawar da masara: ɗaurin aure Asabar, Kemistiri Talata.

Ranar Alhamis mai ƙunshi ta zo da kwanonta, tsakar gida ya cika. Mukarrama ta miƙa ƙafafu, ta naɗe hannuwanta cikin mayafi.

Gambo, yayar mijinta, ta dube ta. "Kawo hannun mana."

"Yaya, ƙafar ta isa."

"Ta isa wa? Uwar amarya da farin hannu sai ka ce mai takaba? Ɗan'uwana na can gonar rake da ransa, kada ki yi masa mugun fata."

Mata suka kwashe da dariya. Mai ƙunshi ta ce za ta naɗe kan yatsun da salatif, ko ɗigo ba zai taɓa ba. Mukarrama ta girgiza kai. Ta san yadda lalle ke bin gumi ya shiga inda ba a aike shi ba.

Gambo ta rage murya. "Ni na san dalilinki. Dangin ango na Kurmin Kogi ba su sani ba. Cewa za su yi ba ki son ɗansu, yarinyar nan kuma ita za ta zauna da maganar."

Wannan maganar ce ta tsaya wa Mukarrama a rai. Ummuhani na ɗaki cikin ƙawaye, kuma ba a san uwa da zuwa ta yi wa 'yar fari bayani ba. Saboda kunyar ɗan fari, ko sunan Ummuhani ba ta kamawa. Ta wuce ta bakin ƙofar sau biyu, ba ta shiga ba.

Ranar Asabar dangin ango suka iso da mota biyu. Gwaggon ango, wata dattijuwa Adama, ta karɓi gaisuwarta, aka tambayi hanya da gajiya da mutan gida, amma idonta na kan hannun. Can ta ce, "Ko ba ki da lafiya ne, 'yar nan?"

Mukarrama ta durƙusa ta faɗa mata komai, har lemon tsamin. Tsohuwar ta ce, "In kin gama, ke za ki riƙa yin allurar?"

"In Allah ya yarda, Gwaggo."

"To Allah ya yarda. Mu a wajenmu duk ma'aikaciyar asibitin da aka turo, wata shida ta nemi canji ta koma birni." Wasu daga cikin matan da suka zo da ita dai sun tafi da maganar a baki, ta kuma iso kunnen Mukarrama daga baya.

Talata Malam Zakiyyu ya kai ta Makarfi a babur. Na'ura ta karɓi yatsan tun ɗorawar farko. Ta zauna tsakanin wani ɗan acaba da wata mai goyo, ta amsa abin da ta sani, tambaya ɗaya ta bar ta babu komai.

Sakamako ya fito bayan wata uku. Ta ci, a kan iyaka, maki na ƙarshe da ake karɓa. Ta cike takardar neman shiga makarantar, sunaye ba su fito ba tukuna. Masu nema da yawa, an ce, kuma yara ne masu sabon karatu. Shekararta talatin da tara. Ta lissafa, in an ɗauke ta bana za ta gama tana da arba'in da biyu. Duk ranar kasuwar Makarfi takan roƙi mai zuwa ya biya ta makarantar ya duba mata allon da ake liƙa sunaye.