Tarkon da Na Bari a Cikin Na'ura

Ni mutumin Tajaye ne, kuma a shekarun nan na saba'in ban san wani ɗan garinmu da ya taɓa zama gaban na'urar lissafi ba in ba ni ba. Ba alfahari nake yi ba, wallahi. Da ban zauna ba, da wani bawan Allah ya gama karatunsa lafiya ya koma gida da takardarsa.

Bursu ce, wato kuɗin karatu na gwamnati, ta kai ni Faransa bayan na gama lise, babbar sakandare. A jami'ar da nake akwai ordinata guda, wato na'urar lissafin, a wani ɗaki na ƙasa, tsayinta ya fi nawa, ga gurnani ba dare ba rana. Muna ba ta umurni da wani harshe da ake ce wa Lisp. Mu ɗalibai muka gina shi a kanta da hannunmu cikin shekara biyu, wannan ya ɗinka nan, wancan ya yi faci can, har takardun da aka fara rubuta shi a kai suka daina yin daidai da abin da ke cikin na'urar. Abin da ke kan tef ɗin ɗakin shi kaɗai ne na gaskiya, kuma kowace yamma ana naɗar na yau a kan na jiya. Wauta ce, kowa ya sani, amma haka muke yi.

Ni aikina can ƙasa yake, inda babu kalmomi sai lambobi. In kana son ka ga abin da na'ura ke yi a wani wuri, gudunta ya fi ƙarfin idonka, sai ka ɗana mata tarko. Ka je wurin, ka cire umurnin da ke zaune nan, wanda lamba ce mai gida shida, ka sa lambar tarko a gurbinsa. Tana zuwa a guje ta taka, sai ta tsaya cik, ta miƙa kanta ga wani ɗan shiri da na rubuta, shi kuma ya kwashe duk abin da ke hannunta ya baje maka ka gani. In ka gama kallo ka mai da umurnin asali wurinsa, ta wuce. Duk aikin a kan abu ɗaya ya rataya: abin da ka cire, ka san inda ka ajiye shi. Kamata ya yi shirin nawa ya riƙa ajiyewa da kansa, amma ban kai ga rubuta wannan sashe ba, don haka da alƙalamin bik nake rubuta su a cikin kaye, littafin rubutuna na lakwal, wato makaranta.

Lisp na da wani sashe da muke kira mai shara. In wuri ya cika a cikin na'ura, ita ke tashi ta ware abin da ake aiki da shi, ta share sauran. Tamu tana da wata cuta da na yi mako biyu ina bi, har na ɗana mata tarko bakwai. A ranar da na ɗana na bakwai aka kawo mini tangaraho daga gida: Baba ba lafiya, in zo. Na naɗi aikin ranar a tef kamar kullum, na jefa kaye cikin jaka, na kama hanya. Tarkunan ko a raina ba su zo ba. Ƙananan ayyuka kuwa ba su tashin mai shara, saboda haka an daɗe ba wanda ya lura.

Na iske Baba da rai, amma bai gane ni ba. Kwana biyu da zuwana Allah ya yi masa cikawa. Damina ce, gero ya kai gwiwa, mutane na zuwa gaisuwa da laka a ƙafa suna komawa gona. Washegarin jana'iza yayana, wanda yanzu gidan ya dawo hannunsa, ya ce in zauna in rubuta wa dangi na nesa: kawunmu a Sakkwato, 'yan uwa biyu da ke cin rani a Ikko, wani a Abijan, da Goggo, yayar Baba, da ke aure a Alela. Takarda babu a gidan. Na ɗauko kaye na riƙa yagowa ina rubutawa da ajami don kowane malamin gari ya iya karanta masu. Hannuna na rubutu, hankalina na maƙabarta.

Akwai wani abokina a jami'ar, ɗan Mali, ya girme ni da shekara uku. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Ran Lahadi yakan dafa shinkafa da miyar gyaɗa ya kira ni, ya zauna yana yi mini dariyar yadda nake faɗa da na'ura kamar tana ji. Shekara uku ya yi yana rubuta wani babban shiri a Lisp mai rarrabe jimlolin harshensu, kuma ranar da zai nuna shi gaban malamai ta ƙarato. An riga an ɗaga masa sau ɗaya. Bursunsa a wannan shekarar take ƙarewa. Shi sama yake aiki, da kalmomi da alamomin baka-biyu na Lisp. Lambobin ƙasa bai san kansu ba, malamin da ya san su kuma ya tafi hutu.

Ana gobe sadakar bakwai aka aiko mini da tangarahonsa daga gidan waya na Illela. Ya ce na'ura na tsayawa a cikin mai shara, ya ga tarko ne, don Allah in aiko da lambobin asali, saura kwana goma sha biyu. Ya ƙare da gaisuwar mai jiki, don bai san an yi rasuwa ba.

Na shiga ɗaki na buɗe kaye. Na bi shi shafi shafi, na sake bi daga baya. Babu! Na zazzage jaka, na ɗaga tabarma, na fito tsakar gida ina sababi, wa ya taɓa mini kaya, gidan nan mutum ba shi da ikon ajiye abu. Yayana ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce:

"Kai ɗan lakwal, rage murya, gidan makoki ne. Kai kat tsaga shi da hannunka ina zaune."

Na ce wace takarda, cikin biyar ɗin nan wace ce?

"Wadda ka rubuta ma Goggo. Na ga lambobi ga bayanta, na ce ko wani abu na naku na boko."

Kunya ta rufe ni, amma na gode Allah da ba ta Abijan ba ce. Ana gama sadaka na kama hanyar Alela. Na sami motar kaya zuwa Tsarnawa, wata ta kai ni Ƙwanni, na kwana wurin wani ɗan garinmu mai ɗinki. Hanyar Alela ruwa ya ɓata ta. Motar kasuwa ta kafe a rabin hanya, muka tura har muka gaji, na cire takalmi na ƙarasa da ƙafa.

Goggo na hango ni ta fashe da kuka. Ta ɗauka takanas na taso in yi mata gaisuwa, ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, tana gaya wa maƙwabta su zo su ga ɗan ƙanenta da ya baro ƙasar Nasara bai manta da ita ba. Aka dama fura, aka kama kaza. Ni kuwa ina zaune kamar kan ƙaya, ina amsa gaisuwa ina lissafin kwanaki. Sai bayan la'asar, da mutane suka ragu, na daure na ce:

"Goggo, takardar nan da na aiko, tana nan?"

Ta dube ni. "Mi za ka yi da ita?"

Na ce dubawa kawai zan yi.

Ta kwance bakin zanenta. A nan take, an ninke ta ƙanana tare da ɓarin goro, ta yi laushi don gumi. Ta ce tun da malam ya karanta mata ba ta rabu da ita ba, ita ba ta iya karatu amma ta san sunan ƙanenta na ciki. Da ta ga na juya bayan takardar sai ta ce:

"Na tambayi malam wanga rubutu na baya, yac ce na boko ne. Ni ko nac ce na sani, magungunan da yaron nan ya auno ma ubanshi ne daga can. Allah shi biya ka, ka yi iyakar yinka."

Ban gyara mata ba. Na sunkuyar da kai na ce amin.

Layi bakwai ne, kowane da adireshin wurin da umurnin da na cire. Shida sun fito sarai. Na biyar ya faɗa daidai kan ninki, takardar ta cinye a wurin, ga jan goro ya bi ta kai. Sifiri, sifiri, ɗaya, sai rami, sai sifiri, biyar. Na san irin umurnin, na tsallake ne. In lambar da ta ɓace huɗu ce, ma'anarsa in abu biyu sun yi daidai ki tsallake. In sifiri ce, in ba su yi daidai ba ki tsallake. Ɗaya kishiyar ɗaya. Na fita bayan gida na ɗaga takardar ga rana, na karkata ta, na lumshe ido ina ƙoƙarin ganin hannuna ranar da na rubuta. Ba abin da ya zo sai fuskar Baba. A gefen ramin akwai ɗan lanƙwasar tawada da ta yi kama da cikin sifiri. Ko kuma goro ne. Na kwafe shidan, na sa sifiri a na biyar, na mai wa Goggo takardarta ta ɗaure.

Kwana biyu bayan haka ina tsaye a gidan waya a Ƙwanni. Na cika takardar tangaraho da lambobina, ma'aikacin ya karanta mini su ɗaya ɗaya don kada a yi kuskure, ya ɗago ya ce, shi ke nan, ba ƙari? Nan ne wurin. Kalma uku sun isa: na biyar, shakka. Da abokina ya ga haka, da ya nemi wani ya duba masa, ko ya gwada duka biyun. Amma in na rubuta shakka, sai an tambaye ni dalili, sai in ce na yage aikin mutane na yi wasiƙa da shi, ni da nake cika baki a ɗakin nan cewa ba wanda ya san cikin na'urar kamata. Na kuma gaya wa kaina ai sifiri ce, na gani da idona. Na ce wa ma'aikacin shi ke nan.

Na koma Tajaye na yi noma tare da yayana har sadakar arba'in. Ban sami wani labari ba, na ɗauki shirun a matsayin alheri, ko da yake in na tuna sai in tsaya da fartanya a tsakiyar kunyar gero.

Da na koma Faransa, tun kafin in ajiye jaka wani ɗan ajinmu ya ba ni labari. Lambobin sun iso da sauran kwana uku. Abokina ya mai da su, ya gwada, komai ya tafi daidai, don layi na biyar yana wani lungu ne da mai shara ba ta shiga sai aiki ya yi tsawo ƙwarai. Ranar jarrabawa wani malami ya ba shi doguwar jimla. Na'ura ta yi shiru, ta yi shiru, sai ta fara zubo shirme. Ya sake, ta sake. Suka ce shirin bai nuna ba, ya dawo baɗi. Baɗi kuwa ba bursu.

Na sauka ɗakin ƙasa ni kaɗai, na ɗana tarko a wurin, na bi ta taku taku. Ko awa ɗaya ban yi ba. Huɗu ce. Da sifirin nan nawa, mai shara na share abin da ake tsakiyar aiki da shi ta bar shara. Na gyara, na naɗa a tef, ban gaya wa kowa ba.

Na same shi a ɗakinsa yana ɗaure kaya, zai koma gida ya nemi koyarwa. Na hau matakalar gidan ne da niyyar in faɗa masa, Allah shi ne shaida. Yana ganina ya taso ya rungume ni, ya yi mini ta'aziyya, ya ce sai daga baya ya ji, in yafe masa da ya dame ni da lambobi ina cikin makoki. Ya ce ya yi wata guda yana bin shirinsa layi layi bai ga inda ya yi kuskure ba, amma dole yana nan, shi dai kansa ne bai kai ba. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa haka Allah ya so.

Ya jawo babban kwat ɗinsa na sanyi daga kan ƙusa ya ɗora mini a kafaɗa. Ya ce can gida ba shi da amfani, ni kuwa ina da sauran hunturu biyu a gabana. Na karɓa, na yi godiya, na taya shi sauko da akwati.